Wasiƙar Buba Ta Dawo

Litinin, 14 ga Oktoba, 1968. Bayan la'asar.

Sun tafi da Buba.

Muna tsakiyar aji a gindin tsamiya, inda nake koyar da magidantan Gwaram yaƙi da jahilci, sai ga mota ta tsaya. Mutum biyu cikin kaki, na ukunsu da farar riga da tabarau. Suka ce wane ne Buba mai shanu. Ya miƙe, guntun fensirinsa maƙale a kunne. Mai farar rigar ya zaro takarda daga wani ambulan ya tambaye shi ko hannunsa ne wannan. Buba ya matso da ita kusa da ido, ya yi murmushi, wallahi har da murmushi, ya ce nasa ne. Shi duk zatonsa yaba masa rubutu aka zo yi. Dattijo mai shekara sittin, suka tura shi bayan mota kamar buhun gyaɗa. Sun ce Birnin Kudu za a kai shi.

Ni Abdulsalami, da aka sani da baki tun zamanin siyasa, ina tsaye da alli a hannu. Ban ce uffan ba.

Na gane ambulan ɗin. Ni na rubuta adireshin da ke bayansa.

Talata, 15 ga Oktoba. Da hantsi.

Bari in rubuta yadda abin yake tun kaina bai ruɗe ba. Buba bai shigo ajina don karanta takardar jangali kamar sauran ba. Ɗansa na fari, Hambali, ya shiga soja bara da damina, ran da motar ɗaukar kurata ta zo da lasifika da kiɗa. Tun daga nan wasiƙa biyu kacal aka samu. Buba ya ce ya gaji da kai cikinsa wurin marubucin kasuwa, yana so ya rubuta wa yaron nan da hannunsa. Haka yake ce masa, yaron nan. Ɗan fari ne, ga shi Bafillace, ko da wuƙa a wuya ba zai kama sunan ba. Wata tara yana kokawa da fensir da yatsun da igiyar shanu ta ƙanƙarar. Ran da ya gama wasiƙar, ƙarshen Agusta, ya kawo min ita a liƙe, ya ce in sa suna a baya, shi hannunsa ba zai iya wannan ba. Na rubuta Hambali Buba Gwaram, na sa lambarsa ta soja. Ban karanta cikin ba. Ban ma nemi in karanta ba.

Yanzu ana cewa gaisuwa ce layi biyu, sauran kuma wata waƙa ce da ke zagin shugaban mulkin soja. Na Ikko dai, don ko a littafina ba na son rubuta sunansa. Wata waƙa da wani ya yi.

Laraba, 16 ga Oktoba. Bayan azahar.

Wai zagi. Ina zagin?

Ba shi Na Ikkon ya ce mana yaƙin nan ɗan aiki ne na 'yan makonni ba? Kaka biyu ke nan. Kullum rediyo na cewa an kama gari kaza, an kusa, saura ƙiris. Wannan ƙiris ɗin ya fi zuwa Makka a ƙafa nisa. Ya soke jam'iyyu, wai siyasa ce ta ɓata ƙasa. To lokacin siyasar, ko da dukanmu ake yi, muna iya hawa tebur a kasuwa mu faɗi abin da ke ranmu. Ya yanka ƙasa gida goma sha biyu ya ce ga 'yanci, amma a nan mai bulalar jiya shi ne mai bulalar yau, hula kawai ya sake. An karya farashin gyaɗa, gishiri da yadin akoko sun yi sama, an ce mu ɗaure ciki saboda yaƙi. Cikin wa? Ni dai ban taɓa ganin hoton wani babba a jarida da wuyansa ya zube ba. Samarin da za su tsuge gyaɗa su yanke dawa an kwashe su, an bar mana tsofaffi da mata a gona. Kuma wanda ya ce wayyo, shi ne maƙiyin ƙasa.

Da a zamaninmu na Sawaba ne, da tuni mun cika mota mun bi Buba.

Mu. To wa ya hana ni shiga mota yau?

Alhamis, 17 ga Oktoba. Da yamma.

Aji mutum ashirin da uku ne. Yau tara suka zo. Wani ya aiko da littafinsa da fensir, wai a gaya wa Malam ya gode, ya ga abin da boko ke jawowa.

Juma'a, 18 ga Oktoba. Bayan saukowa daga masallaci.

Sabo ya biyo ni gida. Wan matata Talatu ne, malamin sikelin gyaɗa, tun zamanin siyasa ba mu taɓa zama inuwa ɗaya ba tare da musu ba. Yau ma ya fara nasa: in ba a yi yaƙin nan ba ƙasa za ta tsage kamar ƙwarya, kuma wanda bai ɗauki kaya ba ba ya sanin nauyinsa. Na ce to shi Na Ikkon wane kaya ya ɗauka, ai 'ya'yan mutane ne gammonsa. Muka yi ta yi har Talatu ta leƙo ta ce mu rage murya, katanga ba ta da tsawo.

Da zai fita ya tsaya a zaure yana gyara takalmi. Ya ce waƙar nan ta fara yawo, wani direba ya zo da ita daga Birnin Kudu, har ya rera masa baiti biyu. Sannan ya dube ni.

"Abdulsalami, ni na san tafiyar waƙar nan. Buba da ƙyar yake haɗa harafi uku."

Na ce ban san abin da yake nufi ba. Ya ce Allah ya sa.

Asabar, 19 ga Oktoba. Da sassafe.

Na ƙone littafin waƙoƙina a murhun Talatu kafin ta ɗora koko. Aikin shekara goma sha ɗaya. Ta ga tokar takarda, ta share, ba ta tambaya ba. Wannan littafin kuma na samo masa wuri a ƙasan rumbu.

Litinin, 21 ga Oktoba. Bayan la'asar.

Mutum shida suka zo aji.

Gobe zan je Birnin Kudu.

Talata, 22 ga Oktoba. Da rana.

Ban je ba. Tayar keke ta yi faci, motar kuma ta riga ni tashi.

Ƙarya nake. Ina tsaye a tasha motar ta tashi.

Alhamis, 24 ga Oktoba. Da yamma.

Jummai, matar Buba, ta dawo daga Birnin Kudu. Ta sauka wurin danginta a Kiyako, nan kusa da garin, kwana huɗu tana zarya kafin a bar ta ta gan shi. Ta zo ta durƙusa a ƙofar zaurena, ita da a haife ta haife ni, tana min godiya wai na koya wa maigidanta abin da bai taɓa zaton zai iya ba. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Ta ce ya rame, yana ɗan ɗingishi, amma ya ce sanyin siminti ne. Kullum mai farar riga tambaya ɗaya yake masa: wa ya ba ka waƙar? An ce masa in ya faɗi suna, ranar zai kwana a gidansa. Shi kuma amsarsa ɗaya, shi ya yi abinsa. Ya aiko ta da saƙo biyu. A tsuge gyaɗarsa kada ta tsira a ƙasa, kuma a gaya wa Malam kada ya soke sunansa daga rajista, zai dawo ya kama inda ya tsaya.

Ta tambaye ni ko wasiƙar ta kai ga yaron kafin a kama ta. Ita ma yaron take cewa. Na ce wataƙila.

Juma'a, 25 ga Oktoba. Da hantsi.

To, littafi, kai dai ba ka da baki.

Ni na yi ta. Cikin damina ne, ranar da na wuce ta gonar Buba na gan shi shi kaɗai sunkuye a kunya mai tsawon da ya isa mutum uku. Na dawo gida raina na tafasa, na rubuta:

Ya Allah Sarki, kai kaɗai ke jin kukana,
Na Ikko ya ce 'yan makonni, ya ɗauke ɗana,
Kaka biyu ke nan ni kaɗai ke cikin gona,
Ya karya gyaɗa, ya ɗaure baki, ya ce mu yi murna,
In yaƙin nasa ne ya je da kansa, ya maido min ɗana.

Akwai sauran baitoci, amma waɗannan ne kan magana. Takardar gwajin na dunƙule ta na jefar bayan allo. Buba ya tsince ta. Shi ba ya wuce rubutu a ƙasa, balle ya ga sunan Allah a layin farko. Ya warware ta, ya goge mata ƙasa da hannun riga, ya sa a hula. Bayan mako guda na same shi kafin aji yana kwafarta harafi harafi, leɓensa na motsi. A nan ya kamata in fizge in yayyaga. Me na yi? Na tsaya a kansa ina jin daɗi, ga waƙata a hannun manomi na gaske. Har na ce masa hannunsa ya fara kyau. Ya ɗago ya ce, Malam, wanda ya yi wannan ya san ciwo. Ni kuwa sai fasa kai nake.

Yanzu na gane abin da ya sa ya zuba ta a wasiƙa. Mutumin da ba zai iya kiran sunan ɗansa ba, yaya zai rubuta masa cewa yana kewarsa? Kunya ta hana shi faɗa da bakinsa, sai ya ari nawa.

Lahadi, 27 ga Oktoba. Bayan azahar.

Mun yi gayya a gonar Buba. Mutum goma sha huɗu, har da waɗanda suka daina zuwa aji. Sabo ma ya zo da farar rigarsa, ya tsuge kunya biyu yana haki, na ce masa yau ka san inda gyaɗar da kake awo take fitowa. Ya ci gaba da tsuga. Duk wanda na kalla sai in ga kamar ya sani.

Talata, 29 ga Oktoba. Da safe.

Gobe zan je.

Laraba, 30 ga Oktoba. Da yamma.

Talatu ta yi magana yau, tana tankaɗe, ba ta ko kalle ni ba. Ta ce in na je aka riƙe ni, aikin ya tafi, ita da 'yan matanmu uku su kama wa? Na ce to in bar tsoho a siminti? Ta ce ita ba ta ce ba. Na ce to me kika ce? Ta ce ita dai ta faɗi abin da ta faɗa. Na yi mata tsawa, abin da ban saba ba, ita da ba ta yi min komai ba. Haushin kaza huce kan dami.

Rediyo ya ce an kusa.

Asabar, 2 ga Nuwamba. Da hantsi.

Ban je ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba. Bayan la'asar.

Sabo ya zo bai zauna ba. Ya kai gyaɗa Birnin Kudu, ya yi tambaya wurin wani da ya sani. Mu duk mun ɗauka tare wasiƙar aka yi a hanya aka karanta. Ba haka ba ne. Wasiƙar ta kai har can. Ba a sami mai ita ba. An buɗe ta ne don a ga inda za a mayar da ita, sai aka ga waƙar. Hambali ya rasu tun cikin Yuli, wajen ƙetare wani kogi da Sabo ma bai iya faɗin sunansa ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Wato lokacin da Buba ke zaune gindin tsamiya yana lasar bakin fensir, yaron yana ƙasa. Suna da motar da za su turo ta kama tsoho kan baiti biyar, amma ba su da mutum ɗaya da zai zo ya tsaya a ƙofar gidansa ya ce ka yi haƙuri. Wannan shi ne mulkin da Sabo yake karewa.

Na faɗa masa haka. Ya ce, "Yau ba ni da amsa." Ya ce gobe da safe zai zo mu tafi tare, in kuwa na ce keke ya yi faci zai goya ni.

Jummai ba ta sani ba tukuna. Ta wuce ɗazu da ƙwaryar nono a ka, ta gaishe ni.

Laraba, 6 ga Nuwamba. Da rana.

Na je. Na dawo. Ban yi zaton zan dawo ba, har na bar wa Talatu makullin akwati.

Mun isa ofishin jiya da hantsi. Muka zauna a benci har azahar. Da aka shigar da ni na ce wa mai farar riga ni ne malamin ajin, ni na yi waƙar, tsohon kwafa kawai ya yi. Ya cire tabarau ya dube ni, ya sa aka kawo Buba.

Ya tsufa shekara goma cikin mako uku. Daga ganin idonsa na san an gaya masa. Ashe tun makon jiya mai farar rigar ya faɗa masa, yana zaton in ya ji ba sauran wanda zai rubuta wa, zai saki sunan. Buba ya gaishe ni a ladabce yadda ya saba, ya tambayi aji. Aka ce masa ga malaminka ya amsa laifi, kai ka tashi ka tafi gida. Buba ya dube ni. Sannan ya roƙi a karanta baiti na biyu. Mai farar riga ya karanta, ya zo wurin "ya ɗauke ɗana."

Buba ya ce, "Ranka ya daɗe, tambayi Malam, yana da ɗa a wurin yaƙi?"

Aka tambaye ni. Na ce ba ni da ɗa namiji ma.

"To ɗan wa aka ɗauke? Gonar wa? Malam mutumin kirki ne, tausayina yake ji. Amma waƙar nan tawa ce."

Na fara rantsuwa, na ce zan iya kawo sauran baitocin da ka. Buba ya ce ai duk direbobin tasha ma sun iya su da ka. Mai farar riga ya gaji da mu. Yana da takarda da hannun mutum, yana da mutumin da ya amsa, me zai yi da ni? Ya ce in fita kafin ya sake shawara, kuma zai rubuta wa oganezanmu, mai kula da malaman yaƙi da jahilci, a kaina.

A baranda, kafin a wuce da shi, na kama hannunsa na ce, Baba, don Allah me ya sa? Ya ce min a hankali, kada ma'aikacin da ke tsaronsa ya ji:

"Malam, kai ka rubuta, na sani tun ran da na tsince ta. Amma ni aka yi wa. Ba abin da ya rage min na yaron nan sai ita, kada ka karɓe."

Muka dawo Gwaram ni da Sabo. Ni na gaya wa Jummai. Ba zan rubuta wannan ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba. Da yamma.

An yi sadakar uku ba gawa, ba uba. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Wani ya ce Allah ya kawo ƙarshen yaƙin nan, aka ce amin da ƙarfin da ban taɓa ji ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba. Bayan azahar.

An yanke wa Buba wata shida.

Rediyo ya ce an kusa. Na kashe shi, na cire batir na ba Talatu ta sa a tocila.

Litinin, 18 ga Nuwamba. Bayan la'asar.

Takardar oganeza ta zo, gargaɗi ne, ba kora ba. Ko wannan ma ban samu ba. Na ci bulus, tsoho na ɗauke da kayana.

Aji ya koma goma sha bakwai. Ban san me ya dawo da su ba, ban kuma tambaya ba. Mata sun fara daka da waƙar, ina jin ta ta kan katanga. Waƙar Buba suke ce mata. Da farko abin ya ɗan sosa min rai, Allah ya yafe min, har yanzu wannan banzan girman kan bai mutu ba.

Litinin, 25 ga Nuwamba. Da hantsi, cikin azumi.

Jummai ta kai masa fura da goro jiya, ta dawo da saƙo ƙulle a bakin zane. Wani ma'aikaci mai imani ya ba shi guntun fensir da bayan takardar sabulu. Ta ce ya ce a kai wa Malam aikinsa ya duba, kada hannu ya mutu. Ita ba ta karatu, ta miƙo min tana jira in ce ya yi kyau.

Na warware. Kalma ɗaya ce, ya rubuta ta daga sama har ƙasa, gaba da baya, ta farko a karkace, ta ƙarshe a miƙe sarai. Ban taɓa koya masa ita ba. Sau ɗaya ya ga na rubuta ta, a bayan ambulan.

Hambali. Hambali. Hambali.

Jummai ta ce, "Malam, me ya rubuta?"

Na duba jan fensirina, na mayar da shi aljihu. Na ce mata ta zauna, zan karanta mata duka.